Wayoyi Goma Sha Shida a Ranar Suna

Mu biyar ne 'yan haya a gidanmu na unguwar Nkembo, nan ƙasar waje inda muke neman kuɗi, duk 'yan kasuwar Mont-Bouët. Gidan a kwari yake, waya ba ta kamawa sai ka haura bakin titi. Ni na matsa aka haɗa kai aka sa wifi, domin matata na Kano da tsohon ciki.

Mai haɗawa ya kafe akwatin wifi ɗin saman ƙofata, ya ce da Faransanci waya goma sha shida yake ɗauka, ta goma sha bakwai sai ta jira wata ta fita. Muka yi dariya. Mu biyar, ina za mu kai goma sha shida?

Ashe ba mu lissafa da kunya ba. Mutum ya yi sallama, ka ba shi tabarma da ruwa, ya ce, "Malam, ɗan sa mini code ɗin nan." Da wane baki za ka hana? Kafin wata biyu rabin sahun masallacinmu na da shi. Na taɓa cewa a sauya, sai dattijon gidan, Bazazzagi mai sayar da atamfa, ya dube ni ya ce, "Yanzu iska za mu yi wa rowa?" Aka bar code ɗin yadda yake.

Allah ya sauki matata lafiya, namiji. Yayana ya ce ranar suna ƙarfe bakwai zai kira ni ta bidiyo, in ga Baba ya ɗauki jikansa ya yi addu'a. Baba ya tsufa, shekara huɗu rabona da shi. Ya ce ba zai fara ba sai ya ga fuskata.

Ni ma na gayyaci jama'a addu'a a nan. Da asuba na fita karɓo goro da burodi. Kafin in dawo tsakar gida ta cika, mutum ya fi talatin, kowa da waya a aljihu, kuma duk wayoyin sun san hanya. Gurbi goma sha shidan nan sun cike, tawa ce ta zama baƙuwa. Na kashe na kunna, tana ta juyi kamar akuya a turke.

Na san maganin sarai. In miƙe in ce kowa ya kashe wifi, ko in zare akwatin in mayar. Amma liman ya riga ya ɗaga hannu, mutanen nan kuma domina suka bar shagunansu a rufe. In haura titi? Mai taro ba ya barin baƙinsa. Na zauna ina amin, hannu ɗaya a sama, ɗaya yana latsa waya ƙarƙashin riga. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan yi wa fushin.

Sai wajen takwas da rabi aka watse. Nan take saƙonni suka zubo, kira tara na yayana. Na kira shi, ya nuna mini tabarmi ana naɗewa.

Na ce, "Yaya, ina Baba?"

Ya ce, "Ya shiga ya kwanta. Ya riƙe yaron yana jiranka har ya gaji, sai muka karɓe. Yana ta tambaya ko ka manta ne."