Lambar da ta ƙi gaisuwa

Ni dai ban nemi zama adimin ba. Ina Legas ina sayar da albasata, ƴan uwa suka buɗe guruf a waya, na mutanen Kuyello da ƙauyukan kewaye, na gida da na waje. Wai tunda na zaga Kamaru da Agadas da Fatakwal, na iya zama da mutane. Sun ɗauka wanda ya raba faɗan ƴan tasha zai iya raba na dangi.

Dokokinmu ba yawa. Ba zagin iyaye. Ba gugar zana kan addini, don akwai masu zuwa masallaci, akwai masu zuwa coci, kuma gonakinmu iyaka ɗaya. Babbar dokar ita ce ba a faɗin wa zai bi hanya, ko wa ya kai masara gida. Kowa ya san dalili: mutanen daji ba sa fitowa sai wani ya tsegunta musu. Shi ya sa duk wanda ya shigo sai ya turo murya, ya yi gaisuwa, ya faɗi ɗan gidan wa ne. Rubutu kowa ya iya. Murya kuwa tsofaffi sun san ta.

Wata damina sai ga wata lamba, ba hoto, ba suna. Duk saƙon da na tura, in na duba waɗanda suka karanta, ita ce a gaba. Amma uffan ba ta cewa. Aka yi rasuwa, kowa ya yi ta'aziyya, ita shiru.

Akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, Baba muke ce masa. Saƙonsa kullum da tari yake farawa. Ya yi tarin, ya ce, "Adimin, kana can kana cin shinkafar Legas, mu an sa mana kunne a ɗaki. Fitar da lambar nan."

Wani malamin firamare daga wajen Gwaska ya ce, "Baba, a bi a hankali. In aka fitar da mai lambar an gama da shi."

Gaskiya ya faɗa. A wajenmu in aka cire mutum daga guruf, ba wanda zai ce doka ya karya. Infoma za a ce. Lambar za ta zaga, wani zai gane mai ita, daga ranar kuma ba zai ƙara shiga kasuwa lafiya ba.

Baba ya ce, "Malam, kai me ya haɗa ka da shi?"

Shi ke nan wuri ya rikice. Wannan ya tuno wane ya sayi sabon babur, wancan ya tambayi da me aka saya. Na kulle guruf, ya zama ni kaɗai ke iya magana. Ni ɗin ma, kada in ɓoye muku, malamin na fara yi wa wani kallo.

Na kira lambar. Muryar saurayi, ga kukan kaji a bayansa. Ya ce shi manomi ne a Kusasu, ya faɗi gidansu. Na san gidan, amma ai ɓarawo ma ya san gidaje.

Na ce, "To me ya hana ka gaisuwa?"

Ya ce, "Kawu, ai yana ciki."

"Wa?"

"Wanda ya ce a fitar da ni. Ƴarsa ce a gidana."

Ko sunansa bai iya kamawa ba. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa buɗe baki a gaban surukinsa ba. In sun haɗu a hanya, ratsewa yake ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Farashin taki ya shigo ji, sai ya tarar da tarin Baba. Magana ba dama, fita kuma a ce ya gudu.

Ban yarda nan take ba. Na kira Baba na ce ya sa ƴarsa ta Kusasu ta karanto masa lambar mijinta. Shi ba shi da ita, me zai yi da lambar suruki? Can sai ga shi ya kira, tarin ya fi na kullum tsawo.

"Shi ne. Yaron kirki ne."

"Baba, ɗazu fa infoma ne."

"Ɗazu ban san nawa ba ne."

Saura jama'a, su sai sun ji murya. Baba ya ce, "Da a zaure ne ai tashi zan yi in ba su wuri." Ya fita daga guruf da kansa. Na buɗe, na yi bayani, yaron ya turo gaisuwarsa. Wata gwaggo ta ce, "Wannan muryar ubansa ce, har da in'inar."

Na mayar da Baba. Abin da ya fara tambaya, me aka ce a bayansa. Ba wanda ya gaya masa.

Ranar kasuwa yaron ya kai dawarsa ya dawo lafiya. Tun daga nan bai ƙara cewa komai ba. Har yau shi ne farkon karanta saƙona, ni kuma har yau sai na duba.