Saniyar da ta yi ciwon kai a Trans-Amadi

Ko da zan tsufa har in riƙa neman hulata alhali tana kaina, akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga raina ba: ranar da na mayar da matata saniya a gaban mahaifinta.

Ni dillalin shanu ne a mayankar Trans-Amadi da ke Fatakwal. Surukina kuma shi ne dattijon rumfarmu, mutum mai kwarjini wanda in ya yi gyaran murya har bijimai kan nutsu. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ambaci sunanta a gabansa. Ni da bakina ba ya hutawa, da zarar ya iso sai in koma kamar amarya.

A wata shekara Allah ya ba maiɗakina Hajiya ciki, bayan har mun fitar da rai. Da na raka ta awo, wata nas ta sa mana manhaja a waya, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan da ake cewa AI. Ka yi mata magana da Hausa ta amsa maka da Hausa, kan lafiyar masu juna biyu. Wayar Hajiya 'yar ƙarama ce mai tocila, don haka a tawa aka sa. Ban taɓa tambayar ta komai ba sai sau ɗaya, da na ce ta faɗa mini farashin bijimi a Potiskum, ta ce ba aikinta ba ne.

Ranar da abin ya faru, da hantsi Hajiya ta bugo mini. Muryarta ba yadda na san ta ba. Ta ce kanta kamar zai tsage, fuskarta da ƙafafunta sun kumbura, kuma tana ganin wasu taurari-taurari. Ta ƙara da cewa, "Kada ka damu, Alhaji, zan sha magani in kwanta, gobe ma je asibiti."

Sai ga ruwa ya ɓarke. Wanda bai zauna Fatakwal ba bai san ruwa ba. A nan ba sauka yake ba, tuntsurar da teku ake yi a kanka. Muka cunkushe a rumfa, surukina kafaɗarsa na gogar tawa. Ba wajen fita, hankalina kuma ya ƙi kwanciya. Na ciro waya. Rubutu ba gwanina ba ne, sai dai magana, ga lasifikar wayar kamar ta masallacin Juma'a. To ta yaya zan ce matata na da ciki a kunnen ubanta? Gara ƙasa ta tsage in shige.

Nan dabara ta faɗo mini, har na ji ina sha'awar kaina. Na gyara zama na ce wa wayar, "Wata saniya ce gare ni mai tsohon ciki. Ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ma haka."

Kowa ya juyo, don maganar shanu ce. Wani abokina mahauci ya ce, "Kanwa za ka jiƙa mata." Surukina ya tambaya ba tare da ya dube ni ba, "Wacce daga ciki?" Na ce, "Ba ka san ta ba, Baba." Allah ya yafe mini wannan.

Wayar ta ce ita lafiyar mata ta sani, amma in ci gaba, akwai wata alamar? Na ce, "Kanta na ciwo ƙwarai, kuma tana ganin taurari."

Sai cikin ladabi ta ce, "Yaya aka yi ka san saniyar tana ganin taurari?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ita ta faɗa mini a waya."

Rumfa ta ɗauka. Mahaucin nan ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki. "Alhaji, don Allah ba ni lambarta! Wane layi take amfani da shi?" Wani ya ce a tambaye ta ko tana karɓar tiransifa. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba: surukina da wayar.

Muryar wayar ta ratsa hayaniyar: "Idan wadda kake magana a kanta mace ce mai juna biyu, waɗannan alamu ne na hawan jinin masu ciki. Yana iya kaiwa ga jijjiga, ya taɓa ranta da na jaririn. Kada a jira gobe, kada a ba ta magani a gida. A kai ta asibiti yanzu."

Dariya ta ɗauke kamar an ɗauke wuta. Surukina ya miƙe, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya dube ni cikin ido, karo na farko a tarihin aurena. Ya ce, "Tashi mu tafi. Saniyar nan a garkena aka haife ta."

A motar ɗaukar naman mahaucin muka tafi, ruwa na dukanmu, shi yana tuƙi yana salati. Muka tarar da Hajiya ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. A asibiti nas ta auna jininta, ta dubi abin awon, ta sake aunawa, ta ce da Turancin buroka, "Oga, na God carry una come," wato Allah ne ya kawo mu. Nan take suka shige da ita. Likita ya ce da mun kai gobe, da wani labarin ake yi. Suka riƙe ta har aka ciro jaririya kafin lokacinta, 'yar mitsitsiya, amma da murya irin ta ubanta.

Na roƙi mutanen rumfa su rufa mini asiri. Ranar suna, mahaucin nan ya shigo da damin ciyawa a kai, wai gudummawar mai jego. Haka Hajiya ta ji komai. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Alhaji, duk dabbobin duniya ka rasa wadda za ka kira ni sai saniya?" Na ce, "Hajiya, ai fara ce, mai tsada, irin wadda ba a sayarwa." Ta jefe ni da matashi. Yarinyar kuwa yanzu tana firamare, kuma har yau a Trans-Amadi ba wanda ya san ta da wani suna sai Maraƙa.

Wayar nan ba ita ta yi magani ba, likitoci suka yi da ikon Allah. Nata aikin shi ne ta gane ƙaryata, ta ƙi yin dariya, ta kore mu zuwa inda ya dace. Abin da na koya shi ne kunya adonmu ce, har gobe ina sunkuyar da kai gaban surukina, amma idan mace ta ce kanta na ciwo tana da ciki, a kira ta da sunanta, a kira ciwon da sunansa, ko gaban wa ake. Ba kullum ake dace da na'urar da ta san cewa saniya ba ta buga waya ba.