Baƙin Mutum a Tashar Jiragen Ruwa

A shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, a unguwar Liwan ta birnin Guangzhou nake sarin yadi, wajen wani dattijo ɗan ƙasar, wanda 'yarsa ke yi mana tafinta. Bangon shagonsa cike yake da ƙananan zane-zane baƙi da fari na jiragen ruwa masu filafilai. 'Yar ta taɓa gaya mini aikin Turawa ne na shekaru ɗari uku da suka wuce, wai a kan farantin tagulla ake karce su da allura, sannan a buga a takarda. Ban saurara sosai ba, yadi ne ya kawo ni.

Wata Juma'a na taso daga Masallacin Huaisheng, na biya mu yi sallama, don bizata ta kusa ƙarewa. Sai dattijon ya ciro zane ɗaya daga bango, ya miƙo mini da hannu biyu. Tashar jirgi ce, ga ganguna, ga igiyoyi, ga 'yan dako sun sunkuya da kaya. Ya ɗora yatsa kan wani baƙin mutum a gefe, sannan ya nuna ni yana murmushi.

A makon nan masu tasi sun sha wuce ni, an kuma tare ni a titi ana neman fasfo. Zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Wato bawa ka ɗauke ni?"

Na ture hannunsa. Zanen ya faɗi, gilashinsa ya fashe, maƙwabta suka leƙo.

'Yar ta tsuguna ta ɗauko takardar. Ta ce, "Maigida, duba da kyau."

Na duba. Mutumin a tsaye yake, da rawani da babbar riga, hannunsa a miƙe yana ba da umarni. Kayansa ne 'yan dakon ke saukewa.

Ta ce, "Baba ya ce attajiri ne da ya zo daga nesa, kamarka."

Ban san yadda ake ba da haƙuri da Sinanci ba, sai "shiye-shiye" nake ta maimaitawa, wato na gode. Dattijon ya share gilashin da kansa, ya naɗe zanen a jarida, ya sake miƙo mini. Na karɓa, kaina a ƙasa.

Da na dawo Guangzhou bayan shekara, sau biyu na kai bakin layin shagon dattijon ina juyawa. Daga ƙarshe a wata kasuwa dabam, Canaan, na yi sari.