Hannu a Kan Ɗanyen Fenti

Mai Ja ba ya fesa wa mota kowane launi sai ja. In ka kawo masa mota ka ce shuɗi kake so, zai saurare ka har ka gama, ya gyaɗa kai, sannan ya nuna maka rumfar wani mai fentin a ƙarshen layi. Tun yana saurayi haka yake, kuma tsufa bai ƙara masa komai ba sai taurin kai da tari.

Jan nasa kuwa ba wanda ake buɗe gwangwani a samu ba ne. Da hannunsa yake haɗawa. Ya ɗiga wannan, ya ɗiga wancan, ya juya da sanda, ya fita rana ya duba, ya dawo yana tsaki. Amma in motar da ya fesa ta hau titi, ja wur, har masu gardama a bakin hanya sai sun dakata ta wuce.

Ranar feshi akwai doka. Sai ya yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ya toshe tagogi da jiƙaƙƙun buhuna, ya ja ƙofa. Ba mai shiga sai fenti ya bushe. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya san ranar ko shara ba ya yi. An taɓa yin wani ƙuda da ya sauka a ƙofar wata mota, ya tashi ya bar ƙafa ɗaya. Mai motar ya duba, ya sake dubawa, bai ga komai ba, ya ce a bar shi haka. Mai Ja ya kankare ƙofar gaba ɗaya ya sake fesawa.

"Kai ba ka gani ba," in ji shi. "Ni na gani."

To, mutumin nan motarsa ruwan toka ce. Shekarar da ya yi aure ya saye ta, ya goge ta, ya fesa mata fentin farko, wanda ake shimfiɗawa kafin launi, ya ce wa amarya ta jira ta ga jan da ba a taɓa gani ba. Ta jira. A cikin tokar nan aka kai ta asibiti haihuwa, a cikinta aka kai yara makaranta, a cikinta aka kai su gidajen aurensu. Lokaci-lokaci takan ce, "Malam, yaushe?" Shi kuma ya ce jan bai yi ba tukuna.

Sai amaryar nan, wadda yanzu ta zama Uwar yara, ta fara karo da gefen ƙofa. Ta fara zuba shayi kusa da kofi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, ragowar ma yana hanya. Ita ta faɗa wa Mai Ja, yana cikin cin abinci.

"Malam, in za ka yi fentin nan, ka yi. Ba gori nake maka ba. Nan gaba ko shuɗi ka fesa ka ce mini ja ne, yarda zan yi."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Kashegari ya sallami duk wanda ya kawo mota. Ya goge tasa tas, ya haɗa ja, ya fita rana ya duba, ya yi tsakin da ya saba. Sannan ya zuba a bindigar fenti a haka.

Da hantsi ya gama. Ya ja ƙofa, ya tafi wurin mai walda ya zauna yana tari. Ya riga ya gaya mata gobe za ta gani. Amma ita ta san goben Malam, ta yi zama da ita har furfura. Da ta kawo masa abincin rana kamar kullum, ba ta nemi inda yake ba, ta tura ƙofar ta shiga. Ɗakin da duhu-duhu saboda buhunan, sai ta yi abin da take yi wa komai yanzu: ta miƙa hannu.

Mai Ja ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe. Tana tsaye, kwano a hannun hagu, tafin hannun dama jawur. A tsakiyar bonet ga yatsu biyar sun zauna daram, har da shatin zobe. Mai walda, da ya biyo shi, ya tuna ƙafar ƙuda, ya koma rumfarsa a hankali.

"Na ɓata, ko?" ta ce.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sai ya zagaya ya fizge buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya wangale tagogi da ƙofa. Rana ta shigo, ƙurar titi ta biyo ta, ko kallonta bai yi ba.

"Matso nan. Kina gani?"

Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa fentin. Ta juya kai dama, ta juya hagu, tana neman inda idon yake kamawa.

"Ja ne."

"Ya yi?"

"Ya yi. Ka dai daɗe."

Ya karɓi kwanon ya ajiye, ya jiƙa tsumma da tina, ruwan wanke fenti, ya goge mata hannu yatsa-yatsa. Da fentin ya sha iska, bai ɗauko takardar guga ya kankare wurin ba. Ruwan ƙyalli na ƙarshe ya fesa, a kan yatsun, a kan ƙurar, a kan komai.

Yanzu Uwar yara ba ta gani ko kaɗan. In za su fita, takan bi jikin motar da hannu har tafinta ya faɗa cikin shatinsa, sannan ta yarda ta shiga. Masu kawo aiki kuwa, musamman sababbi, ba sa iya yin shiru.

"Malam, kamar wani ya taɓa maka nan fa."

"Na gani," yakan ce, ya buɗe mata ƙofa.