Minti Huɗun Ƙarshen Kaset

A unguwar Shehuri, idan ka tambayi rumfar Ba'ana mai gyara, ba wanda zai ce maka wanne Ba'anan. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune wuri ɗaya. Ya fara da rediyo, ya koma talabijin, ya ƙare da bidiyo, kuma duk abin da aka kawo masa sai ya yi wa mai shi faɗa tukuna kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya. Bakinsa ba daɗi, hannunsa kuwa da albarka, shi ya sa ake haƙuri da shi.

Tun yana saurayi akwai wani fim ɗin Turawa da ake nunawa a talabijin, labarin wani likita da aka bari shi kaɗai a duniyar wata, aka ce masa jirgi zai dawo ya ɗauke shi. Kullum likitan nan sai ya sa rigarsa mai kwalkwali ya fita ya share filin da jirgin zai sauka. Har fim ya ƙare jirgi bai zo ba. Ba'ana ba ya jin Turanci sai wanda ke rubuce a jikin kayan gyara, amma fim ɗin ya shiga ransa ya zauna.

Wannan son shi ya jawo masa kuskuren da matarsa Gumsu ta yi wata guda tana goranta masa. Ranar da ɗansu Taufiq ya gama makarantar koyon sana'a, Ba'ana ya aro kyamara ya ɗauki walimar a kaset. Bayan shekara aka maimaita fim ɗin likitan a talabijin, shi kuma cikin rawar jiki ya fizgo kaset ɗin da hannunsa ya fara kaiwa ya danna naɗi. Fim ya hau kan walima ya shafe ta. Minti huɗu kawai suka tsira a can ƙarshe, bayan sunayen Turawa sun gama wucewa. A ciki Taufiq na tsaye da farantin shinkafa, yana dariya, yana cewa, "Baba, riƙe kyamarar daidai mana, kana sare min kai."

A lokacin abin dariya ne. Sai shekarun tashin hankali suka zo, wata Laraba Taufiq ya fita sayo kayan gyara bai dawo ba. An duba asibiti, an tambaya inda ake iya tambaya, shiru. A shekarun nan kuwa, duk wanda ɗansa matashi ya ɓace ba ya yawan faɗa, don ba ka san abin da mai saurare zai ɗauka ba, ko inda zai kai maganar. Ba'ana, mai faɗa da kowa a kan batir, ya kulle bakinsa a kan ɗansa. Ko a gida sunan ya daina fita. Sai dai duk Juma'a bayan masallaci, idan akwai wuta, shi da Gumsu su zauna su kalli likita yana shara daga farko har ƙarshe. Ba sa tura kaset gaba, don Ba'ana ya ce turawa na cin zare. Su jira sunaye su wuce, su ga ɗansu, su kashe.

Shekara biyu a haka, hoto ya fara rawa, fari-fari na tsallakawa a fuskar Taufiq. Ba'ana ya fi kowa sanin ma'anar wannan, kuma tsoro ya kama shi sosai. Ya naɗe kaset ɗin a tsumma ya kai wa Boniface, wani Inyamuri mai shagon fina-finai a kasuwa, wanda ya ƙi barin gari lokacin da 'yan'uwansa ke loda kaya a mota. Boniface yana da na'urar juye kaset zuwa faifai. Shagon cike yake da mutane ranar. Ba'ana ya buɗe baki zai yi bayanin abin da ke ƙarshe, ya dubi fuskokin da bai sani ba, sai kawai ya ce, "A juye min wannan."

Bayan mako guda ya koma. Boniface ya tare shi da murna. "Wushe, sannu da zuwa, Baba Ba'ana! Yau ka yi sa'a. Na sa kaset ɗinka, na ga farko, na gane fim ɗin. Turawa sun wanke shi sun fitar a faifai, fes kamar jiya aka yi. Ga shi. Kuma sun sake yin sabo da wani yaro mai bindiga, ga shi nan na haɗa maka. A sabon ma jirgin ya zo. Kyauta ne duka, kada ka sa hannu a aljihu."

"Ina kaset ɗina?"

"Wancan ruɓaɓɓen? Ai Dorothy ta kwashe. Duk tsohon kaset ita nake ba wa."

Dorothy 'yar gudun hijira ce daga kudancin Borno, tana noma ɗan fili a bakin kogi. Ba'ana ya tarar da ita tana ban ruwa. Ta fasa kaset-kaset ta zare zarensu, ta ɗaure a sanduna daga wannan gefen gona zuwa wancan, yana ƙyalli yana kaɗawa a iska don tsuntsaye su ji tsoro. Kaset ya fi arba'in, an ƙuƙƙulla wannan da wancan, rana ta yi kwanaki tana dukansu. Ya kama wani zare ya murza, baƙin ya biyo yatsansa.

"Baba, akwai naka a ciki ne?" Dorothy ta tambaya. "In kwance maka?"

Ya dubi gonar. "Bar shi, 'yata," ya ce. "Tsuntsaye za su cinye miki."

Bai yi wa Boniface faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ba masu saninsa tsoro. Me zai ce? Mutumin kirki ya yi masa alheri a kan abin da aka gaya masa.

Juma'a ta zo, aka kawo wuta bayan masallaci. Gumsu ta ga faifan a kan tebur, ta ɗauka kaset ɗinsu ne aka juye, ta ce a sa. Likita ya fito tas, har ana ganin ƙurar da tsintsiyarsa ke tayarwa. Ta yaba, ta sa wa Boniface albarka. Ba'ana yana gefe, duk minti ɗaya yana shirin magana yana fasawa. Jirgi bai zo ba. Sunayen Turawa suka fara hawa, Gumsu ta gyara mayafi ta matso kusa da talabijin kamar yadda ta saba.

"Yanzu zai fito," ta ce. "Wannan karon za mu ga fuskarsa da kyau."

Sunaye suka ƙare. Faifai ya koma farko da kansa, kiɗan buɗewa ya tashi. Ta juyo tana dubansa.

"Gumsu," ya ce, "Taufiq ba ya ciki."