Makon da Aka Farfasa Hannayen Gem

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da Likita a ƙasan benen kasuwa. Ni ina yanka makullai, shi yana gyaran hannun gem, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga wasan bidiyo. Ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa takawa ba. Masu kawo gyara ne suka laƙaba masa sunan, saboda yadda yake kwantar da hannun gem a kan farin tawul, ya kara shi a kunne ya girgiza, sannan ya ɗauki sukudireba. Katako ɗaya ya raba rumfata da tasa, ko tari ya yi sai na ji, kuma hayaƙin dalmar da yake narkawa yana liƙe wayoyi ya sa yana yawan yi. Amma in ka tara duk maganar da ya yi mini a shekarun nan, ba za ta cika hirar wuni ɗaya ba. Ni da bakina ba ya hutawa, sai Allah ya haɗa ni da mutumin da gaisuwa ma auna ta yake yi.

Ba shi da mata, ba shi da abokin hira. Yana da uwa, wadda idanunta suka daina gani shekara shida da suka wuce. Yana kuma da ƙane, autansu, wanda ya tafi wata ƙasa neman aiki, aka ji ɗuriyarsa shekara biyu, daga nan shiru. Ba mutuwa ya yi ba. Akan ga hotonsa a waya, ya yi ƙiba, ga mata ga 'ya'ya. Gida ne dai ba ya kira.

Ba da gangan na san sirrin Likita ba. Wata Lahadi da hantsi ya kira ni in canja musu makullin ƙofa. Ina durƙushe ina kwance ƙusoshi, sai Inna, mahaifiyarsa, ta ce masa daga kan kujerarta, "Babba, Auta bai aiko ba?"

"Ya aiko, Inna."

Ya zauna kusa da ita, ya ciro waya, ya fara karantawa. "Inna, ina gaisuwa. Yaya ƙafar? Kada ki bar maganin safe, ko da yana da ɗaci. Aiki ne ya yi yawa, shi ya sa ban kira ba."

Daga inda nake ina hango fuskar wayar. A kashe take, baƙa ƙirin. Ya ɗago muka haɗa ido, na mayar da kaina kan ƙofa. Inna ta yi ta sa wa Auta albarka har na gama aikina. Wanda ya dafa mata ruwan zafi ya ɗaure mata ƙafa kuwa, abin da ya samu shi ne, "Ka rufe tagar nan." Raina ya ɓaci, amma karon farko a rayuwata na ja bakina na yi shiru.

A bara aka fito da wani gem da ya haukata masu wasa. Labarin wata budurwa ne da ambaliya ta raba da gida. Abin da ya rage mata ƙaramin rediyo ne, muryar mahaifinta na fitowa daga ciki: bi nan, kada ki hau gadar can, daure, ina jiranki a hasumiya. Awa talatin mai wasa zai yi yana bin muryar. In ya isa hasumiyar, sai ya tarar da wani tsoho shi kaɗai a gaban makirufo. Ashe uban ya daɗe da gudu ya bar ta. Tsohon maƙwabcinsu ne, ya kwaikwayi muryar uban don kada ta zauna wuri ɗaya ta mutu. Budurwar ta dube shi, ta kashe rediyon, ta juya ta tafi. Nan gem ɗin ya ƙare.

Mu a kasuwa ta wajen ɓarna muka san labarin. Cikin mako guda hannun gem goma sha bakwai aka kawo wa Likita, kusan duk da bango aka haɗa su. Manyan mutane, masu gemu da aikin yi, su tsaya gaban rumfarsa suna kumfar baki.

"Awa talatin, Likita!" in ji wani direban tasi. "Hutuna gaba ɗaya na ƙarar ina bin maƙaryaci!"

Wani malamin makaranta ya ce, "Da sun ba mu zaɓi, wallahi daga saman hasumiyar zan turo shi."

Wata ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta fasa nata ba, maɓalli ɗaya ne kawai ya maƙale, ta ce ita kuka ta yi. "Ni uban nake jin haushi. Amma shi ma tsohon ya ci amanarta. Duk ƙaunar da ta zuba, ga wanda ba ya nan ta zuba ta. Da ya faɗa mata gaskiya tun farko."

Likita bai ɗago daga dalmarsa ba. Can ya ce, "Tsohon fa? Me ya same shi bayan ta tafi?"

Suka dubi juna. Direban ya yi dariya ya ce, "Wa ya damu da shi?"

Mutumin da ya gyara hannun gem dubbai bai taɓa buga ko ɗaya ba, iyakarsa ya danna maɓalli ya ga ko yana aiki. Amma daga ranar, kullum lokacin abincin rana sai ya kunna na'urar gwaji da ke bayan rumfa. Bai iya ba ko kaɗan. Sau nawa na ji budurwar nan ta faɗa ruwa, har na fara yi masa tsiya cewa in kisa ya nufa ya faɗa mana. Sai da ya yi wata biyu kafin ya kai hasumiya.

Ranar na leƙa ta saman katako. Budurwar ta kashe rediyo ta juya, hoton ya bi bayanta. Likita ya danna duk maɓallin da ke hannunsa, yana so hoton ya koma kan tsohon. Bai koma ba.

"Maƙwabci," ya ce, idonsa na kan allon, "in kai ne ita, za ka yafe?"

Ni ne mai amsar kowace tambaya. Amma ranar na ce ban sani ba.

"Ranar Lahadi zan faɗa wa Inna gaskiya. Ka zo, ka ce makullin ka zo dubawa."

Na je. Makulli lafiyarsa ƙalau, amma na durƙusa ina ta juya shi. Inna ta yi tambayarta ta kullum. Likita ya zauna da wayar a hannunsa.

"Inna, akwai maganar da nake so..."

"Karanta mini tukuna."

Ya sunkuyar da kai ya karanta layi biyu, gaisuwa da tambayar ƙafa. Na ce a raina shi ke nan, ya kasa.

"Rubuta masa amsa," in ji ta. Ba ta taɓa neman haka ba. Ya ɗora yatsa a kan baƙar fuskar wayar.

"Ka ce masa na gode. Ka ce masa ya rage shaƙar hayaƙin dalmar nan, tarinsa yana damuna. Ka ce masa ya daɗe shi kaɗai, kuma na san saboda wa." Ta gyara mayafinta. "Ka ce masa Lahadi mai zuwa ma ya aiko. Ina jira."

Ba ta juyo wajensa ba, ba ta kama hannunsa ba. Ni dai abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi: shekara da shekaru yana zaune a gabanta, amma kalma mai daɗi ɗaya sai ta bi ta wajen Auta kafin ta iso gare shi. Yatsansa ya yi ta tafiya a kan wayar da ke kashe har ta gama.

"Ka tura?"

"Na tura, Inna."

"To, ka rufe tagar nan."

Ya tashi ya rufe. Ya daɗe tsaye a wurin, ya ba mu baya, hannunsa a kan sakata.