Mesar Kawu da Kujerar Inna

Kawuna mai yankan gilashi ne, kuma duk abin da ya iya a sana'ar nan a kan mesarsa ya ƙare. Da hannunsa ya haɗa mata akwatin gilashi mai kauri wanda ya cinye rabin ɗakin baya, ya sa ƙwan lantarki mai ɗumi a gefe guda, ya bar ɗaya gefen da sanyi, ga bahon ruwa da take shiga ta jiƙa. Madam yake kiranta. Tana 'yar ƙarama ya samo ta, yanzu kuwa kaurinta ya kai cinyar ƙato.

In ka tsokano shi da zancenta, to ka nemi wurin zama. Zai gaya maka ba ta da dafi, naɗewa take yi ta matse. Da harshe take shinshina, tana kuma jin ɗumin jikin abin da ke gabanta ko da babu haske. In ta haɗiye zomo ɗaya sai ta yi makonni ba ta waiwayi abinci ba, in idanunta suka yi hazo kuwa saɓa za ta yi, a ƙyale ta. Ni dai na sha wannan karatu har na haddace, ba don ina so ba.

Dokarsa ɗaya ce: mesa mai wannan girma ba a buɗe mata mutum yana shi kaɗai. Mu 'yan uwa duk muka zame, sai aikin ya faɗa kan matarsa, Inna, wadda ko ƙadangare ta gani sai ta canza hanya. Ta yarda za ta riƙa zama a kujera a bakin ƙofa, amma da sharaɗi: ranar da Madam ta cije shi, ranar mesar za ta bar gidan. Kawu ya amince yana dariya, don ya yarda da kansa ƙwarai. Shekara da shekaru Inna tana zaune a wurin da saƙarta, yana ta maimaita mata abin da ake yi in ta ɓaci, ita ko kai ba ta ɗagawa.

Wata ranar ciyarwa ya gyara zomo, sai ya hangi bahon ya ƙazantu. Ya zura hannu bai wanke ba. Madam ta ji warin zomo da ɗumin hannu, ta cafke, kafin ya ja numfashi ta naɗe shi har kafaɗa. Bai fizge ba, don haƙoranta baya suka lanƙwasa, fizgewa yaga ce.

"Wutsiya," kawai ya iya cewa.

Ashe duk shekarun nan Inna tana ji. Ta ajiye saƙa, ta ɗauko kwalbar sifirit ɗin wanke ciwo ta ɗiga a bakin Madam har ta saki, sannan ta kama wutsiyar ta warware ta zagaye bayan zagaye.

Da muka dawo daga asibiti bayan an yi masa ɗinki, Kawu ya zauna ya zura wa hannunsa ido. Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganinsa haka ba. Can ya ce in nemo masu kula da namun daji su zo su ɗauke Madam, alkawari ne.

Inna ta harare shi ta ce, "Laifin me ta yi? Kai ne ka kai mata hannu yana warin zomo. Da ta san kai ne ai ba za ta taɓa ka ba."

Ya ce ai ita ta kafa sharaɗin.

"Ni na kafa, ni na janye. Amma daga yau makullin akwatin yana hannuna, kuma sai na shinshina hannunka kafin in buɗe."

Har yanzu Madam tana ɗakin baya. Kujerar Inna ta koma cikin ɗakin, kuma duk ranar buɗewa za ka ga Kawu, da furfurarsa da iliminsa, ya miƙa wa Inna hannuwa biyu yana jiran izini.